Ramar da Na Yi wa Jinya a Ɗakin Yaya

Ko zan shekara ɗari a duniya ba zan manta safiyar wata Litinin ba, wadda na buɗe ɗakin Yayana da buta a hannu na tarar da shukokinsa duk sun sunkuyar da kai. Jiya-jiya na bar su a tsaye, yau ga ganye ya langaɓe, na ƙasa sun koma ruwan ɗorawa, bakin wasu ya ƙone kamar an ɗora musu dutsen guga. A lokacin tsorona ɗaya ne, kada ya zama na kashe maganin mahaifiyata. Ban san akwai wani tsoron da ya fi wannan yana jirana a gaba ba. Shekara huɗu ke nan, amma har yau ko ramar talla na gani a faranti sai na tsaya na ƙare mata kallo.

Gidanmu a Mandawari yake, can cikin lungu inda ko adaidaita ba ta shiga. Babanmu ya rasu tun ina aji biyu a sakandare, ya bar mu mu uku, Umma da Yaya da ni. Yaya tela ne, da kekensa yake ciyar da mu. A shekarar da na gama makaranta ne ciwon daji ya kwantar da Umma. Wanda bai yi jinyar mai wannan ciwo ba ba zai gane ba. Sai in dama kunu in kai mata, ta kurɓa sau biyu ta ture kofin. Idan zafin ya taso ba ta kuka, sai dai ta danƙe gefen katifa tana salati a hankali. Yaya ba ya iya tsayawa ya gani. Fita yake ya zauna a soro, kansa a tsakanin gwiwoyinsa.

Ɗakinsa a jikin soron yake, kullum a kulle. Ranar da ya samu aikin ɗinka kayan 'yan makaranta a Zariya, na sati biyu, sai ya kira ni ya buɗe. Bokitan fenti shida ne a jere ƙarƙashin taga, cike da ƙasa, kowanne da shuka da ta kai gwiwa, ganyenta yatsu-yatsu.

Ya ce, "Rama ce, amma ba irin tamu ba. Ta magani ce. In ta girma Umma za ta samu barci, ta ci abinci."

Na ce, "To me ya sa ba ka sa ta a tsakar gida ba, ta sha rana?"

Ya ce, "Ke ba ki san mutane ba? Kambun baka. Wata ta shigo ta ce kai, wannan shuka da kyau take, gobe ki ga ta bushe. Ruwa kofi biyu bayan kwana uku-uku, kuma kada kowa ya shiga."

Yanzu idan na tuna sai in ce ina hankalina ya tafi. Amma a gidanmu ba baƙon abu ba ne a ɓoye abin da ake so. Ciki ma ɓoye shi ake sai ya fito da kansa. Kuma rama na sani, na sha yin kwaɗonta da ƙuli-ƙuli, ganyenta haka yake da yatsu. Sannan Yaya ne ya faɗa. Mutumin da ya biya mini kuɗin jarrabawa da hannunsa, me zai sa in tsaya tuhumarsa?

Inda na yi nawa laifin shi ne wajen ruwa. Bazara ce, ɗakin kamar tanda. Na ce kofi biyu bayan kwana uku ai zalunci ne, maza ba su san raino ba. Na koma ba su safe da yamma. Idan na yi wa Umma alwala a roba ban zubar da ruwan a rariya, sai in kai wa shukar, wai don albarka tunda maganinta ce. Na tuna yadda kakata take zuba wa zogalenta toka da kashin tattabara, na je maƙota na roƙo na barbaɗa. Da na ga ruwa yana tsiyaya ta gindin bokitan yana ɓata masa ledar ɗaki, na samu tsumma na toshe hudojin duka. Ina jin daɗi a raina, ina cewa in ya dawo zai ga aiki.

To ga aikin nan a gabana ranar Litinin. Na tsuguna na ɗaga ganye ɗaya da yatsa, na saki, ya koma ya rataye. Bakinsa ya lanƙwashe ƙasa kamar farcen shaho. Ɗan abin da na tuna na darasin noma shi ne shuka idan ta yanƙwane ƙishirwa take ji, don haka na ƙara ruwa. Ranar Talata abin ya fi muni, ganye biyu sun zube, ɗakin yana wani wari. Ban kira Yaya ba, kunya ta hana ni. Sai na yi abin da 'yan zamaninmu suke yi. Na ɗauki hoto mai kyau, na ɗora a sitatus ɗin wayata inda kowa zai gani, na rubuta: "Don Allah wa ya san maganin ciwon rama? Tawa tana mutuwa."

Wata ƙawata ta turo dariya kawai. Wani da muka yi aji ɗaya ya rubuto, "Hajiya, ashe ana harka ba a gaya mana." Ban gane ba, na ɗauka iskancinsa ne na kullum. 'Yar gwaggona ta ce, "Goge wannan yanzu." Na ce a raina ita ma maganar kambun baka take, na ƙyale ta.

Da safiyar Laraba na tsinki ganye huɗu, biyu masu ciwo biyu masu ɗan dama, na naɗe a takarda na sa cikin hijabi. Na ce wa Umma zan je Madabo gaida malamarmu ta darasin noma, wadda ta yi ritaya. Da ganyen nan a jikina na ratsa unguwa biyu, na wuce ta gaban motar 'yan sintiri, har na gaida wani dattijo a cikinsu.

Tsakar gidan Malama kamar lambu yake. Na'a-na'a a tsohuwar roba, barkono a buhun siminti, lalle a jikin katanga. Na same ta tana tsinke busassun ganye. Ta ɗago ta gane ni.

"Sarkin surutu na layin baya. Yau kuma noma ya yi rana?"

Na gaishe ta, na zauna a tabarma na fara bayani. Ba ta ce in nuna ba tukuna. Ta ce likitan kirki tambaya yake fara yi.

"Na ƙasa ne suka fara rawaya, ko na sama?"

"Na ƙasa, Malama."

"Kin juya bayan ganyen? Akwai ƙananan ƙwari, ko ɗigo-ɗigo fari, ko yana irin ta gizo-gizo?"

"Na duba, babu."

"To ba ƙwari ba ne. Idan kin tura yatsa cikin ƙasar, ya take?"

"Caɓal take. Har wari take kamar kwata."

"Bokitan ba su da huda a gindi?"

Na sunkuyar da kai na ce akwai, amma na toshe da tsumma. Malama ta ajiye abin da ke hannunta ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Shekara uku ina koya muku, ashe da bango nake magana. Shukar da ke jin ƙishirwa da wadda ruwa ya shaƙe, duk sunkuyawa suke, kamanninsu ɗaya. Ƙasar ce za ta gaya miki wacce ce. Saiwa ma numfashi take, ke kuma kin danna kanta cikin ruwa. Me kika zuba mata bayan ruwan?"

Na lissafa mata toka da kashin tattabara.

"Shi ne ya ƙone bakin ganyen, kashin tattabara zafi gare shi. Babu wata cuta da ta kama ramarki, 'yata. Gata ne ya yi mata yawa. Kawo in gani ko za ta tashi."

Na ji sanyi a raina, har na fara murmushi. Na ciro takardar na warware a kan tabarma.

Dariyar da ke fuskar Malama ta ɗauke kamar an kashe fitila. Ta ɗauki ganye ɗaya ta ɗaga shi sama, ta murza gefensa da yatsu ta kai hanci. Ta miƙe ta je ta tura ƙofar soro ta sa sakata, ta zaga bayan randa ta tsinko wani ganye daga cikin shukokinta, ta dawo ta ajiye shi kusa da nawa.

"Wannan ita ce rama. Dubi yatsunta, a haɗe suke daga tsakiya kamar tafin hannu. Ɗanɗana."

Na ɗanɗana, tsamin da na sani.

"Yanzu dubi naki. Kowane yatsa zaman kansa yake, gefensa kamar zarto. Sunsuna."

Na sunsuna. Warin nan na san shi. Shi ne yake tashi daga kangon bayan makarantarmu, inda ake ce mana kada mu bi.

Ta ce a hankali, "Wannan tabar wiwi ce. Wa ya ba ki?"

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Na buɗe baki in ce Yaya, sai kuka ya zo maimakon magana. Malama ta bar ni na yi, ta ba ni ruwa, sannan na gaya mata komai. Ta tambaye ni ko wani ya gani. A nan ne hoton ya faɗo mini. Na ciro wayar na duba. Mutum tamanin da wani abu sun buɗe shi, rabinsu 'yan unguwarmu.

Na miƙe zumbur na ce zan je in tuge su in zuba a kududdufi, in goge hoton.

Malama ta kama gefen hijabina ta zaunar da ni. "Hoton da mutum tamanin suka gani, a wayar wa za ki goge shi? Yanzu ke jahila ce kawai, jahilci kuwa ana yafe shi. Kina zubar da su kin zama wadda ta sani ta ɓoye. Kada ki taɓa komai. Kira shi."

Na kira. Ina jin ƙarar kekunan ɗinki a bayansa.

Na ce, "Yaya, ba rama ba ce."

Kekensa ya tsaya.

Ya ce, "Wa ya gaya miki?"

Na gaya masa, har da hoton. Ya yi salati. Sannan ya fara magana da sauri, muryarsa ba irin tasa ba. Wai a asibiti ne, ranar da aka kwantar da Umma, wani mai jinyar babansa ya ce masa ganyen yana kashe zafi, yana buɗe ciki. Ya ji kunyar zuwa inda ake sayarwa, kuma yana tsoron abin da suke gaurayawa, shi ne ya karɓi iri a hannun mutumin.

"Wallahi ban taɓa sha ba, ban taɓa sayarwa ba. Ko Umma ban ba ta ba tukuna. Ki yafe mini. Ga ni nan zuwa."

Ya kashe. Bayan rabin awa na sake kira, wayar a kashe take. Haka ta zauna a kashe har washegari.

Malama ta yafa mayafinta ta raka ni wurin Kawu, yayan Umma, mai sayar da turare. Kawu mutum ne mai zafi, na zaci zai mare ni. Sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana kallon ƙasa, ya ce, "Yaron nan ya kashe mu." Daga nan muka wuce gidan mai unguwa bayan azahar. Tun kafin Kawu ya gama gaisuwa mai unguwa ya ciro waya ya nuna mana hotona.

"Mutum biyu ne suka kawo mini tun safe. Ɗaya ma cewa ya yi a tara matasa a shiga gidan. Na ce a dakata, na san gidan, na san marigayi. Gara da kuka zo da ƙafarku. Ni zan kira hukuma da bakina, su zo gobe da safe. Amma ki sani, yarinya, makulli a hannunki yake, ke kike ba su ruwa. Idan ɗan'uwanki bai zo ba, ke za su tambaya."

Wannan maganar ita ta kwana da ni.

Abin da ya fi mini wuya a ranar shi ne Umma. Kawu ya ce shi ba zai iya ba, ni in faɗa mata. Na zauna a bakin katifarta na faɗa, ina kallon hannunta da ya rame. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Don ni ya yi?"

Na ce eh.

Ta juya fuskarta bango. Can ta ce, "Da ya tambaye ni, da na ce ya bar ni da ciwona. Ciwon nan na iya ɗaukarsa." Ta laluba ta kama hannuna, ba ta sake shi ba har aka kira magariba.

Ƙarfe tara na safiyar Alhamis suka zo, jami'an hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, maza biyu da mace ɗaya, mai unguwa a gaba. Ba su yi hayaniya ba, sun ma yi sallama. Amma lungunmu ba ya ɓoye komai. Mata sun leƙo ta soraye, masu shago sun fito. Na buɗe ɗakin da hannuna. Warin ruɓaɓɓen ruwa ya buge mu. Ɗaya daga cikin mazan ya ɗaga bokiti, baƙin ruwa ya tsiyayo masa a takalmi. Ya dubi shukar da ta kwanta, ya dube ni.

"Wannan ai ba noma ba ne, kisa ne."

Abokinsa ya yi dariya. Ni ko murmushi ban iya ba. Aka bi da bokitan shida ta cikin lungu ɗaya bayan ɗaya, suna ɗiga, kowa yana kallo. Wata maƙociyarmu, wadda ta ba ni kashin tattabarar, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Yarinyar nan rama ta ce mini, kuma na yarda da ita." Allah ya saka mata. Amma na ji wata daga baya tana cewa, "Su masu shiru-shirun nan ai su ne." Macen cikin jami'an ta ce in ɗauko hijabina, za mu je ofis in ba da bayani. Umma ba ta iya tasowa ba. Muryarta kawai na ji daga ɗaki tana kiran sunana.

A ofis aka zaunar da ni a benci, Kawu a waje, Malama ta biyo mu a adaidaita ta zauna kusa da shi. Jami'ar ta ɗauko takarda.

"Makullin ɗakin a hannun wa yake?"

"Ni."

"Wa yake ba su ruwa?"

"Ni."

"Wa ya sa musu taki?"

"Ni."

"Wa ya ɗauki ganyen ya fita da shi unguwa?"

Kowace amsa na bayar sai in ji kamar igiya nake ƙara naɗa wa wuyana, kuma duk gaskiya ce. Ta karɓi wayata ta karanta abin da na rubuta a ƙarƙashin hoton, ta karanta amsoshin mutane. Na ga gefen bakinta ya motsa. Aka shigo da Malama ta yi nata bayanin, ta ce ta shekara talatin tana koyarwa, ba ta taɓa ganin mai laifin da ya kai wa malamarsa shaida a takarda ba.

Jami'ar ta ce, "Na ji, Malama. Ni ma ina da ido. Amma abu an same shi a hannun mutum, dole a samu mai shi. Ina mai ɗakin?"

Na ce, "Ya ce yana zuwa."

Ta ce, "Duk haka suke cewa."

Daga inda nake zaune ina hango wata ƙofa ta ƙarfe a ƙarshen baranda, ta ɗakin da ake tsare mata. A bakinta an jera silifas na mata, ƙafa huɗu ko biyar, ɗaya ma ja ne mai fure irin na 'yanmata. Tun daga azahar idona yana kan takalman nan. Sai in dubi nawa, in dubi wurin da ya rage a layin. Ina tunanin wa zai juya Umma idan ta gaji da kwanciya a gefe ɗaya, wa zai dama mata kunu. Ina tunanin ko na fita, wane gida ne zai karɓi yarinyar da ta kwana a nan. Kuma, Allah ya yafe mini, na zagi Yaya a zuciyata. Na ce ya gudu, ya bar ni da kayansa. Kawu yana ta kiran lambarsa a waje, ina jin muryar matar nan ta cikin waya tana cewa a kashe take.

Aka yi la'asar. Jami'ar ta ba ni dardumarta na yi salla a lungun ofis, ban san me na karanta ba. Da na idar ta duba agogo, ta ce wa abokin aikinta idan biyar ta yi sai a rubuta ni a littafi. Ban tambayi ma'anar hakan ba, na gane.

Ina zaune na ji muryar Kawu ta tashi a waje, sannan ta yi shiru. Sai ga Yaya a bakin ƙofa, da jakarsa a kafaɗa, rigarsa duk ta yamutse, zare fari a manne a wandonsa. Idonsa ja. Daga baya ya gaya mini tun ranar Laraba yake tasha. Mota uku ta cika ta tashi yana zaune a benci bai shiga ba. Ya kashe wayar ne don idan ya ji muryata ba zai iya yi mini ƙarya ba, gaskiyar kuma ita ce tsoro yake ji. Ban riƙe shi da wannan ba. Na san nauyin bencin.

Bai kalle ni ba. Ya ajiye jakar a ƙasa ya ce wa jami'ar, "Ranki ya daɗe, ni ne mai ɗakin. Ni na shuka. Ita rama na ce mata. Ko sunan abin ba ta sani ba."

Aka shiga da shi wani ɗaki. Ya wuce ta gabana kamar taku biyu, na ji ya ce ƙasa-ƙasa, "Umma ta ci wani abu yau?" Aka rufe ƙofa a bayansa. Watanni ya yi kafin ya sake kwana a gida, amma wannan wani labarin ne, kuma nasa ne.

Biyar saura kaɗan jami'ar ta fito da wayata a hannu. Ta tsaya a kaina ta miƙo mini.

"Tashi ki tafi gida, ƙanwata. Babu sunanki a cikin maganar nan, ba kuma za a sake kiranki ba. Je ki kula da mahaifiyarki."

Na ji ta sarai, amma na ci gaba da zama a bencin. Sai da Malama ta shigo ta kama ni ta kafaɗa ta ɗaga ni, tana cewa, "Tashi mana, ko so kike su canza shawara?" A bakin ƙofa na waiwaya na dubi ɗakin da aka shiga da Yaya. Murna da baƙin ciki suka haɗu mini a wuri ɗaya, har yau ban iya raba su ba.

Abin da na koya a wannan sa'ar ba wai kada a yarda da ɗan'uwa ba ne. Har gobe ina ƙaunar Yaya, kuma na san tausayi ne ya kai shi, ba lalacewa ba. Amma tausayin da aka yi shi a ɓoye, ba shawara, ba tambayar likita, ba tambayar ita mai ciwon ma, bai rage wa Umma zafi ko na minti ɗaya ba, sai ɗanta da ya ɗauke mata a lokacin da ta fi bukatarsa. Ni kuma na gane cewa amana ba ta hana tambaya. Duk wanda ya ba ka ajiya ya ce kada kowa ya gani, ko uwa ɗaya uba ɗaya kuke, ka tsaya ka ce masa mene ne wannan, kuma don me. Idan abin kirki ne, tambayar ba za ta ɓata shi ba. Idan kuwa ba na kirki ba ne, wataƙila tambayar taka ce za ta cece ku ku duka biyun.